Jirgi A Tafin Hannu

Kafin Bahaushe ya ga jirgin ƙasa ko jirgin sama, jirgi ɗaya tak ya sani, wato wanda ake sassaƙawa da gungumen itace a tura shi bisa ruwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ari sunan aka ba shi, da jiragen saman sojan Ingila suka sauka a Kano a 1925 aka sake ara. Yau an wayi gari in ka ce wa yaro jirgi, sama zai ɗaga kai ya duba, shi kuwa mai sunan na asali sai an yi masa ƙarin bayani an ce jirgin ruwa ko kwale-kwale kafin a gane shi. Mu a nan Sakkwato abin ya fi ban mamaki, domin layin dogo bai taɓa zuwa mana ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya, alhali kuwa ga gulbin Rima da gulbin Sakkwato sun haɗu a gefen garinmu, kuma tun kafin a gina birnin ake fito a cikinsu.

Ni dai abin da nake yi idan na taso daga aiki, ko ranar Asabar da Lahadi, shi ne sassaƙa ƙananan jiragen ruwa, waɗanda mafi tsawonsu bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Ba na sayarwa, ba kuma don yara nake yi ba, ko da yake 'ya'yana sun daɗe suna ganin cewa zalunci ne a ce ga kayan wasa jere a kan kanta an hana su taɓawa. Shekarata goma sha biyar ke nan a kan wannan abu, kuma har yanzu abokaina na majalisa ba su gaji da tsokanata ba. Wani ya ce ƙuruciya ce ta dawo mini da furfura, wani ya ce in da kujera 'yar tsugunno nake sassaƙawa da ko kuɗin cefane na samu. Mai ɗakina kuwa abin da ya dame ta shi ne garin katako a tsakar gida. "Malam, don Allah ka koma zaure da sassaƙarka," haka take cewa duk sati, ni kuma duk sati sai in ce to.

Wanda ya tashi a garin nan a shekarun 1980 ya san cewa ba a saya mana kayan wasa, mu muke ƙera abinmu. Da kaka ta yi, an yanke dawa, sai mu bazama neman kara. A fere ɓawon a ajiye gefe, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a riƙa soke su da siraran ɓawon har mota ta tashi, da ƙofarta da fitilarta da wurin zaman direba. Waɗanda suka fi mu wayo su ne masu motar gwangwani da ta waya, suna yanka tsohon silifas su yi taya. Mun yi tirela, mun yi babur, mun yi tabarau, mun yi jirgin sama mai farfela. Amma ban tuna ranar da wani daga cikinmu ya ƙera kwale-kwale ba, duk da cewa da ƙafa muke zuwa bakin gulbi. Abin da ya zo daga nesa shi ne abin kwaikwayo a wurinmu, jirgin masunta kuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Ambaliyar watan Satumba na 2010 ce ta sa na dube shi da kyau. Ruwa ya yanke hanyar da ta bi ta Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai da mutanen ƙauyukan ƙetare duk aka koma fito. A lokacin ina da hulɗar da ke kai ni ƙetaren kusan kullum, don haka na yi makonni ina zaune a cikin jirgi safe da yamma, gwiwata na gugar gwiwar wani. Mutumin da ba ya iya iyo, in ya shiga jirgi, idonsa ba ya barin tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. Ta nan na fara lura cewa jiragen ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gungume guda, siriri, mai rawa da zarar an yi motsi. Akwai na falanki da aka haɗa da ƙusa aka toshe da tsumma da kwalta, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ke ɗaukar babur har biyu. Wani goshinsa a ɗage, wani a kwance. Na ɗauki wuƙa da guntun katako a gida don in fitar da siffar wanda na fi shiga, tun daga nan ban ajiye ba.

Sai daga baya, da intanet ta wadata a waya, na gane cewa abin da nake yi a zaure tsohuwar sana'a ce a duniya. A 1920 masu tonon tarihi sun buɗe wani ɗaki a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar, suka tarar da ƙananan jirage na katako da aka yi kimanin shekara 4,000 da suka wuce, da matuƙansu da igiyoyinsu, wasu suna gidan tarihi na Alƙahira yanzu, wasu suna Niyok. A Ingila tun ƙarni na 17 ake yi wa jiragen yaƙi ƙananan samfura, yawanci a ma'aunin 1 bisa 48, kuma da yawa daga manyan jiragen sun ruɓe ko sun nutse, samfurin ne ya rage yana ba da labarin yadda suke. Fursunonin yaƙin Faransa da aka tsare a Ingila zamanin Napoliyon har da ƙashin naman da aka ba su suka riƙa ƙera jirage suna sayarwa. A yau kuwa Bature mai wannan sha'awa ba ya shan wahala, kamfanoni irin su Revell da Tamiya da Billing Boats suna sayar masa da jirgin a kwali, gunduwa-gunduwa, da takardar da ke nuna inda kowane yanki zai zauna. Titanic da ya nutse a 1912 tsawonsa mita 269 ne, in ka saye shi a ma'aunin 1 bisa 350 zai zo maka bai kai santimita 80 ba. Wani ɗan'uwana ya taɓa kawo mini irin wannan kwalin tsaraba. Na haɗa shi, ya yi kyau, yana nan cikin kabad. Amma ban ji komai ba, don wani ne ya riga ya yi awon, ni manna gam kawai na yi.

Jirgin gulbinmu ba shi da kwali, ba shi da takarda. Wannan shi ne daɗin aikin, shi ne kuma abin tsoro a cikinsa. In kana son ka ƙera shi daidai, dole ka je inda yake kwance ka auna shi da kanka, ka nemi izinin mai shi, ka jure tambayoyi. Na farko da na auna sosai na wani dattijo ne Basarke, a wani mashigi da ke yamma da gari. Ya ga na zaro tef ina zagaya jirginsa, sai ya taso.

"Yaro, mi kaka nema ga jirgin ga?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake in auna shi in yi ƙaraminsa."

Ya yi dariya har ya zauna. Ya ce, "Wanga jirgi ya girme ka. Ubana yas sassaƙa shi, kuma bai auna shi da komi ba. Awon ga ido shike."

Na ce, "To Baba, in idon ya tafi fa?"

Bai ba ni amsa ba, amma ya kama mini bakin tef ɗin. Mun shafe wajen awa biyu. Na auna tsawo, na raba shi gida goma, a kowane gida na auna faɗin baki da faɗin ƙasa da zurfi da kaurin bango. Don in sami lanƙwasar cikin, sai na riƙa danna waya mai laushi a jikinsa, in ɗauke ta a hankali in zana a kan takardar siminti. Shi kuma yana ba ni labari. Da maɗaci aka yi jirgin, kuma a lokacin ba a yi nisa ba aka sami itacen. Ya ce yanzu ko ka yi tafiyar kwana ba za ka ga maɗacin da mutum biyu za su kasa rungumewa ba, shi ya sa kowa ya koma falanki. Ya nuna mini inda aka bar ƙasan da kauri fiye da bango don nauyi ya zauna ƙasa, da yadda aka ɗage goshin kaɗan don kada ya caki ruwa in an tura shi da gora. 'Ya'yansa biyu suna kabu-kabu a cikin gari, ɗayan yana gadi a Legas. Babu wanda ya taɓa riƙe gizago a cikinsu.

Wannan dattijo ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Jirgin ma babu shi, an faskara an yi girki da shi bayan ƙasan ya ruɓe. Abin da ya rage na siffarsa a duniya shi ne takardar simintin da ke cikin akwatina da ɗan jirgin da ke kan kantata. Ban faɗi haka don in yabi kaina ba, raina ne ke ɓaci in na tuna cewa aikin da aka gada kaka da kakanni ya dawo ya rataya a kan abin da wani ma'aikaci yake yi don ɗebe kewa. Muna alfahari da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana tseren kwale-kwale ana tafi. Amma kowa matuƙin yake kallo, ba mai tambayar wa ya sassaƙa abin da yake tuƙawa.

Duk jiragena a ma'aunin 1 bisa 20 nake yin su, don in jera su a ga bambancin girmansu da ido. Jirgi mai mita 7 zai zo santimita 35. Kayan aikin ba wasu masu tsada ba ne: wuƙar aska, reza, ƙaramar kurfi da wani maƙeri ya buga mini da tsohon ƙarfen mota, samfefa, da gam. Turawa da katakon balsa suke aiki, mai laushi kamar totuwa, mu ba mu da shi, sai in bi 'yan katako in tsinci ragowar maɗaci ko farin katako. Na gungume ina faro shi da zana siffar sama da ta gefe a kan katakon, in fere waje tukuna, sannan in rarake ciki kaɗan-kaɗan ina ɗaga shi ga hasken rana don in ga inda ya yi kauri. Na falanki ya fi cin rai, don sai na tsaga katako ya koma kamar ɓawon kara, in jiƙa shi da ruwan zafi ya lanƙwasu, in soke da allurai maimakon ƙusa. Lokacin hunturu nake shan wuya, iskar Sakkwato kan busar da katako har ya tsage cikin dare, shi ya sa nake shafe su da man gyaɗa in nannaɗe da tsumma. Ba na sa mutum-mutumi a ciki. Wani malamin unguwarmu ya taɓa leƙowa ya duba, ya ga babu surar mai rai, ya ce ba laifi, har ya tsaya yana tambayar sunan kowane.

Akwai wani lissafi a cikin ma'aunin nan da ya canza yadda nake kallon gulbi. In ka rage tsawon abu sau 20, faɗinsa ma ya ragu sau 20, zurfinsa ma haka, don haka cikinsa da nauyin da zai ɗauka sun ragu sau 20 sau 20 sau 20, wato sau 8,000. Ke nan mutum mai kilo 60 ya koma giram 7 da rabi, buhun hatsi mai kilo 100 ya koma giram 12 da rabi. Sai na je wurin wani maƙerin zinari ya auna mini ƙananan notina, na ware waɗanda suka yi daidai da mutum da waɗanda suka yi daidai da buhu. In na gama jirgi sai in cika bahon wanki da ruwa, in sa shi, in riƙa jera masa fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ina kallon bakinsa yana sauka.

Abin da na gani a bahon nan ya fi abin da zan iya bayyanawa da baki, amma bari in gwada. Jirgi ba ya gargaɗi. Da mutum 8 yana zaune daram, da 12 ma lafiya lau, ka ƙara har bakinsa ya kusa shafar ruwa, yana nan a tsaye kamar babu komai, sai ka ɗan taɓa bahon da gwiwa, ruwa ya leƙa ta gefe ɗaya, shi ke nan, kafin ka ƙifta ido ya tafi. Na gwada ɗora notinan a kan ɗan guntun kara don su zama kamar mutane a tsaye, sai na ga nauyin da jirgin ya ɗauka lafiya a zaune ya kifar da shi a tsaye. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne cokali ɗaya na ruwa a cikin jirgin. Da zarar ya karkata kaɗan, ruwan duk sai ya gangara ɓangaren da ya karkata ya ƙara danna shi. Yaron nan da ake ba ƙwarya yana kwalfe ruwa a tsakiyar jirgi, wanda ba mai kula shi, ashe shi ke riƙe da ran kowa. Na sani baho ba gulbi ba ne, ba shi da igiyar ruwa ko kututturen da ke ɓoye a ƙasa, kuma injiniyan Ingila William Froude, wanda ya gina tafkin gwajin ƙananan jirage a shekarun 1870, ya nuna cewa in ana maganar gudu sai an yi wani lissafin daban kafin a kwatanta ƙarami da babba. Amma a kan lodi da karkata, ƙaramin ba ya yi wa babban ƙarya.

Shi ya sa labarin kifewar jirgi ba ya wuce ni kamar sauran labaran rediyo. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 zuwa Wara a jihar Kebbi ya nutse a Kwara, kaɗan ne suka fita. A Afrilun 2022, cikin azumi, kusan mutum 30 suka rasu a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu mata da yara. Shekara ta zagayo, a Mayun 2023, yara aƙalla 15 na ƙauyen Dandeji, a Shagarin dai, suka tafi a kan hanyar neman itacen girki. A Agustan 2025 wani jirgin ya kife da mutum fiye da 50 da suka nufi kasuwar Goronyo. Duk lokacin da haka ta faru sai a ce lodi ya yi yawa, a yi jaje, a raba rigunan ruwa a gaban 'yan jarida, a watse. Kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan babu musu. Sai dai ni ba na iya ɗora laifin duka a kan mai fito, mutumin da jirgi ɗaya gare shi, ga jama'a sun taru rana na faɗuwa, kowa na roƙonsa da Allah da Annabi kada ya bar shi a ƙetare, ga babu gada. Da me zai ce wa ta ashirin da ɗaya ta tsaya, alhali ta ashirin ta shiga ba abin da ya faru?

Turawan Ingila sun sha irin wannan, masu jirage suna cika lodi matuƙa suna mutuwa, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi a zana masa layi a jiki, in ruwa ya rufe layin to lodi ya haramta. Layin fenti ne kawai, wanda ko bai yi makaranta ba zai iya gani daga bakin gaɓa. Ina ganin amfaninsa a wurinmu ya fi na can, domin zai ba mai fito abin nunawa. Maimakon ya ce wa dattijuwa "ba ni ɗaukar ki", sai ya ce "Inna, dubi layi". Na taɓa ɗaukar baho da jirgi ɗaya da notinana na je wani mashigi na yi wa masu fito wannan wasa. Sun yi dariya da farko, da jirgin ya kife sai wurin ya yi tsit. Ɗaya daga cikinsu ya ce in sake, na sake. Ya karɓi notinan ya jera da hannunsa yana ƙirgawa, ya cire uku, ya girgiza bahon da ƙarfi, jirgin ya tsaya. Biyu sun yarda na shafa musu jan fenti a jiragensu. Da na koma bayan damina ɗaya, na ɗayan ya goge, ɗayan kuwa ya sake shafa nasa da kansa, har ya ƙara masa kauri.

Jirgi ɗaya ne a kantata wanda ban auna da hannuna ba, shi ne na Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994, aka auna shekarunsa aka ga sun kai wajen 8,000, babu jirgin da aka sani a Afirka da ya girme shi. Tsawonsa mita 8 da santimita 40, faɗinsa rabin mita, kaurin bangonsa santimita 5. A ma'aunina ya zo santimita 42, faɗinsa 2 da rabi, bangon kuwa milimita 2 da rabi, sai da na yi wata guda ina rarakarsa da numfashi a riƙe. Da na ajiye shi kusa da na dattijon nan Basarke, na daɗe ina kallonsu. Goshin Dufuna ya fi tsini, na Baba ya fi faɗin ciki, amma wanda bai sani ba zai ce masassaƙi ɗaya ya yi su.

Yanzu ina da 23. Burina in sun kai yadda nake so in rubuta wa kowane sunan mashiginsa da irin itacensa da shekarar da na auna shi, in kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu ko wata makaranta da za ta karɓa, tare da takardun simintin, don su ne ainihin dukiyar. Kafin nan akwai sauran aiki. An ba ni labarin wani tsohon jirgin gungume a wajen Wamakko, wai ya fi mita 9, an jawo shi tudu tun bara saboda ya fara shan ruwa, kuma matan gidan sun fara maganar itace. Na aika a roƙar mini mai shi ya dakata mini zuwa Asabar. Na sayi sabon tef, don tsohon mita 5 ne kawai.